Ya Sauya Windows da Linux Ana Jibi Zai Kare Digirinsa

Wata rana na raka ƙanwata wata jami'a, ranar da ɗaliban digiri na biyu ke kare bincikensu.

Kafin layi ya zo kanta aka kira wani saurayi. Ya rubuta manhajar da ke lissafa inda ambaliya za ta bi a unguwarsu idan ruwan sama ya yi yawa. Aiki mai kyau, wallahi.

Kuma akwai kamfanin da ya yi masa alkawarin aiki, muddin ya kawo sakamako kafin ƙarshen wata.

Ƙanwata ta raɗa mini cewa duk aikin a kan Windows ya yi shi. To amma abokansa sun sa shi gaba da tsiya, wai ƙwararre Linux yake amfani da shi, Windows ta 'yan koyo ce.

Abin ya ci masa rai. Ana jibi za a shiga zaure ya goge babbar manhajar kwamfutarsa, ya ɗora Linux. Wai don malamai su ga baƙin allo su san da gwani suke magana.

Yau a zauren, ya yi bayani tiryan-tiryan. Sai baƙuwar Farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ta ce ya ninka yawan ruwan saman, ya sake lissafin a gabansu.

Ya danna.

Jan rubutu ya cika allo.

Ya sake dannawa. Ashe wasu ƙananan manhajojin da lissafin ya dogara da su bai ɗora su a sabon tsarin ba, bai ma san yadda ake yi ba.

Gumi ya jiƙa masa kwalar riga.

Farfesa ta cire tabarau. Da ya faɗa mata abin da ya yi, sai ta ce, "Ɗana, me tsohon tsarin ya yi maka?"

"Babu komai, ranki ya daɗe. Abokai ne ke mini dariya."

"To, kira su su zo su tayar maka da shi."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ba za ta sa hannu a kan lissafin da ba ta ga ya yi aiki ba, sai ta sake zuwa a zango mai zuwa.

Muna fitowa muka tarar da mahaifiyarsa a gindin bishiya da kulolin abinci, tana tambayar kowa ko an gama.

Darasi: Linux ba laifi, Windows ba laifi. Ka zaɓi wanda ka iya, wanda aikinka ke tafiya a kai. In za ka koyi sabo, ka koya lokacin da babu abin da za ka rasa. Masu zuga ka ba sa tsayawa tare da kai a gaban malamai.

Ka san ɗalibin da ke shirin kare bincikensa? Tura masa wannan tun bai taɓa kwamfutarsa ba.