Fuskar Baba

Shekarata ta biyu a kwaleji a Illela aka kawo mana wani mushe, wato malami, mai koyar da Ingilishi, dogo, mai yawan tsaki. Shi ya ɗora mu kan ginin jimla: ka fara da mai yi, ka kawo abin da ya yi, sannan wanda aka yi wa. Na riƙe wannan gam, har ina jin kaina. Da ya ce kowa ya rubuto labari a kan mahaifinsa, na jera jimloli gajeru tsaf: babana manomi ne, yana shuka albasa, yana zuwa masallaci.

Mushe ya karanta, ya yi tsakin nasa.

"Babu kure ko guda," in ji shi. "Amma wanga uban kowa na. In ya ɓace kasuwar Badagishiri, da wanga za ki cigiya tai? Yaya huskatai take?"

Ban sani ba. Ni ce 'yar fari a gidanmu, tsakanina da Baba kuwa sai kunya. Bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma in na kai masa ruwa kaina a sunkuye yake har in fita. Na san faso a dugadugansa, na san babban yatsansa da fartanya ta taɓa sara, na san bakin rigarsa. Daga wuya zuwa sama kuwa, inuwa kawai nake gani. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tsoro, don ranar na gane in aka raba mu ba ni da fuskar da zan tuna.

Ran Asabar na koma gida, na roƙi Inna ta kwatanta mini shi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mutum na nan da rai, ki ce in zana miki shi? Tahi ki kai mai hura garka, ki yi ta kallo."

Na same shi a fadama yana ban ruwa. Na ajiye kwanon furar, na ƙi tafiya. Na tsuguna bayan shinge ina satar kallo kamar akuyar da ta hango ganye. Ban iya satar ba, nan da nan ya kama ni.

"Ke, lahiya? Ƙaho ya hito min?"

Na faɗa masa aikin makarantar da mushe ya ba mu da abin da ya ce. Na zaci zai kore ni. Sai ya ajiye ƙwaryar ban ruwan, ya goge hannu a riga, ya zauna a kan kunyar albasa, ya cire malfarsa.

"To, in aikin lakwal na, duba da kyau."

Na duba. Ashe girarsa ta hagu a tsage take da wani tsohon tabo. Ashe furfurarsa gefe ɗaya ta fi yawa, kuma in yana ƙoƙarin danne dariya hancinsa ne ke motsi. Ina ta neman kalmomin Ingilishi a raina, na sami wasu, wasu sai na tambayi mushe. Daɗin da na ji bai da alaƙa da maki.

Da na gama na yunƙura zan tashi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Sai a lokacin na lura shi ma kallona yake yi, a hankali, tun daga goshi har haɓa.

"Ashe idanun tsohuwata gare ki," ya ce. "Ba wanda ya hwaɗa min."