Ɗigon da na bari a Zariya

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da abokin aikina, da allon shago ɗaure a bayan akori-kura. Sana'ata yanka haruffan roba. Wannan aikin na wata mata ne a unguwar Mahuta, Kaduna, malamar Turanci da ta yi ritaya, wadda washegari za ta buɗe wurin shan shayi da cin abinci.

Hanya ba laifi, sai inda ake gyara. A Mararrabar Jos muka karya da waina; kuɗinta ya hau, girmanta ya sauka. A Kawo, mashigar Kaduna, cunkoso kamar kullum. Da muka tsallake gadar kogin Kaduna sai gari ya sake fuska: majami'u a jere, masu keke suna kiran fasinja da Hausa gauraye da Turancin buroka.

Muka kafa allo. Matar ta ja baya ta dube shi.

"Malam, ina alamar da ke kan harafin ƙarshe?"

A saƙon da ta turo ta rubuta Café, da 'yar karkatacciyar sanda a kan e. Ni na ɗauka hannunta ne ya zame, na cire.

"Mama, ai Turanci ba shi da irin wannan."

"Aro ya yi, kuma ya riƙe. In babu ita, kef za a karanta. Shekara talatin ina jan kunnen yara a kan rubutu, sannan ɗalibaina su zo su ga wannan a ƙofata? Kai ƙafa da kafa ɗaya ne a wurinka?"

Ta ce ko a gyara yau, ko mu sauke kayanmu.

Babu ragowar jar robar haruffan a motar. Na hau keke na koma tsallaken kogi, Tudun Wada, na bi shaguna huɗu kafin wani dattijo mai irin sana'ata ya tono guntu a kwandon shara. Bai kai ɗan yatsa ba. Ya yanka mini, ya ƙi karɓar komai, dariya kawai ya yi.

Bayan la'asar na manna alamar. Mama ta sa na karkata ta sau biyu, sannan ta gyaɗa kai, ta zubo mana gwaten acca da zafinsa.

Mun shiga Zariya da magariba. Abin da na koyo bai da yawa: in ban gane abu a rubutun mutum ba, in kira shi in tambaya kafin in ɗauki wuƙa.