Lambar Kawu Ragowa

Kawuna malamin lissafi ne a wata makarantar 'yan mata. Ɗalibai suna kiransa Ragowa, don duk lissafin da ka raba sai ya tsare ka da ido ya ce, "Ina ragowar?" Mutum ne mai zafin zuciya. Ya taɓa fasa wa ƙanensa baki kan gardamar ƙwallo, bulalarsa kuma ba ta san 'yar kowa ba.

Abu ɗaya ke sanyaya shi: lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Wadda ya fi so ita ce 2,147,483,647. Yakan ce a jera biyu sau talatin da ɗaya, a ninka su, a cire ɗaya, ita ke nan.

"Wasu irinta tagwaye ne, kamar sha ɗaya da sha uku," in ji shi. "Wannan ba ta da 'yar'uwa. Ƙara mata biyu, uku ya raba ta. Rage mata biyu, biyar ya raba ta."

Yana cikin wannan bayani wani hantsi sai ihu ya tashi a tsakar makaranta. Wani dillalin filaye da ke cewa wurin nasa ne ya turo 'yan daba da adduna da gorori, katafila na biye da su. Malamai suka watse. Kawu ya leƙa, ya ga sun nufo ajinsa.

"Ku fita ta taga, ku bi bayan ɗakin gwaji!" ya daka wa 'yan matan tsawa. Ya taka kujera ya ɓalle ƙafarta, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Tsoho, kauce," in ji babbansu.

"Zo ka kautar da ni, ɗan banza."

Yana matsowa Kawu ya zabga masa katakon a muƙamuƙi, haƙora suka zubo. Sauran suka rufe shi. Ya tare adda da hannun dama, ta tafi da yatsunsa. Suka kayar da shi suna tattakawa, jini ya wanke siminti, amma kafin su tsallake shi ajin ba kowa.

A asibiti aka kwantar da shi a gado kusa da gadon wanda ya karya wa muƙamuƙi. Kawu na farfaɗowa ya gane shi, ya wurga masa kofi da hagu. Dole nas ta raba musu ɗaki.

An rushe makarantar, an gina shaguna. Kawu bai sake riƙe alli ba. Innata ta ɗauke shi ya dawo gidanmu da zama, kuma har ya rasu, in zai je kasuwa sai ya zagaya ta doguwar hanya don kada ya bi ta gaban shagunan nan.