Katangar da Mavis Ta Fasa

Mavis Openshaw zuciya gare ta, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. In ta fusata, abin da ke hannunta take jifa da shi, sannan ta sa wanda ta jefa ya share wurin.

A benen mashayar giya mai suna Ƙoshiya aka haife ta, a garin Cloughden na yankin Lancashire a ƙasar Ingila. An gina gidan a 1893 da jan bulo, aka lulluɓe fuskarsa da koren tayil don ruwan sama ya riƙa wanke baƙin hayaƙin masaƙu. Ɗaki biyu ne a ciki. Babban na maza ne, da murhun kwal da dogayen bencina. Ƙaramin na mata, kujera shida kacal, ana miƙo musu giya ta 'yar taga. Tsakaninsu akwai katangar katako da gilashi mai zanen furen auduga. Mata su wuni tsaye gaban inji kafaɗa da kafaɗa da maza, in an tashi aiki su cushe a akurkin nan.

A 1974 ubanta ya mutu, ita da mijinta Wilf suka karɓi gidan. Wata Asabar aka binne wata tsohuwar masaƙiya, mata sha tara suka biyo daga maƙabarta. Shida suka zauna, saura suna waje ruwa yana dukansu. A ɗakin maza kuwa mutum huɗu ne suna karta. Mavis ta ce su matsa mata su shigo.

Cyril Duckworth, mai gyaran inji, ko kai bai ɗaga ba. "Ba a taɓa yi ba, Mavis. Tun zamanin kakana."

"To kakanka ya taso ya hana ni."

Ta ɗauko gudumar fasa kwal. Kafin ruwan ya ɗauke, babu katanga. Cyril yana tsince gilashi daga kofinsa ya ce, "Wilf, matarka ta haukace."

"Sai yau ka sani?" in ji Wilf.

Shekara shida kawai matan suka mori murhun. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aka kayar da bututun hayaƙi, matasa suka watse. Wilf ya mutu. Mavis ta ci gaba da buɗe ƙofa kullum ga tsofaffi bakwai ko takwas, har ta kai shekara saba'in da tara. Sai kamfanin giya mai gidan, wanda a hannunsa take haya, ya ce zai rushe shi a yi wurin ajiye motoci. Hanya ɗaya ta rage: hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da ba a taɓawa.

Aka turo jami'a. Ta auna, ta shafa tayil, ta yaba. Sai ta fito da wani tsohon hoto.

"Misis Openshaw, ina wannan katangar?"

Cyril, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya yi caraf. "Bam ne, 'yata. Lokacin yaƙin duniya."

"Rufe min baki, tsohon maƙaryaci," in ji Mavis. "Ni na fasa ta. Da guduma."

Jami'ar ta ce koren tayil yana da yawa a ƙasar, abin da ya yi ƙaranci shi ne mashayar da cikinta yake yadda aka gina shi. Bayan wata uku takarda ta zo, an ƙi.

"Ai da kin bar ni na ƙarasa ƙaryata," in ji Cyril.

"Kai ko ƙaryar ma ba ka iya ba. Wane bam ne zai fasa katanga ya bar kofuna?"

Ba ta ce ta yi nadama ba, ba ta kuma ce ba ta yi ba. Aka kai ta gidan tsofaffi a bayan gari da akwati biyu. Ta daina faɗa, ma'aikatan wurin suna cewa tsohuwar kirki ce, abin da ya tayar wa duk wanda ya san ta hankali.

Cyril ya je ya gaya mata ya tara mutum tara, za su tsaya da kwalayen zanga-zanga ranar da katafila za ta zo.

"Tsofaffi tara masu dogara sanda," in ji ta. "Dariya za a yi muku. Ka gaya musu kowa ya zauna a gidansa. Kuma in an rushe, don Allah kada wanda ya zo ya ba ni labari."