Kunnen Lallaɓa

Tun yana saurayi aka laƙaba masa Lallaɓa, saboda in ya tsoma filafilin tuƙa kwalekwale cikin ruwa ko ɗis ba ka ji. A irin kamun kifin da suke yi, inda ake sakin ƙugiya a bayan kwalekwale ana ja a hankali, shirun nan shi ne jari. Kifi ya ji motsi, ya tafi ke nan.

Ranar rabon gadon ubansu shi ya yi wuf ya zaɓi ɗaki mai rufin kwano, ya bar wa ƙanensa Auta tsohon kwalekwale mai yoyo, yana dariya a ciki. Auta ya liƙe kwalekwalen, ya ɗauki yayan nasa matuƙi. Daga nan katakon baya ya zama mazaunin Lallaɓa, har ya lotsa daidai zamansa. Bai iya ɗinkin raga ba, bai iya ciniki da mata masu sarin kifi ba. Abincinsa da na matarsa a kan katakon nan yake. Da kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, ɓoyewa ya yi, yana shafa man zafi a bayan ɗaki.

Wata safiya Auta ya leƙo.

"Yaya, sa rigarka. Inji za mu duba, irin ƙaramin nan mai batir. Kunnenka nake so."

Lallaɓa ya jawo rigarsa, ya ce, "To, ai ci gaba ne."

Shagon kunkuntar ne, yana warin roba da baƙin mai. An gitta katako a bakin wani babban duro cike da ruwa, an ɗaure injina biyu a jiki, farfelolinsu a nutse. Mai shago, wani mai tumbi da tsinke a baki, ya dubi Auta.

"Mutum nawa kwalekwalen zai ɗauka?"

"Ɗaya," in ji Auta, "da kifi."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Lallaɓa ya yi kamar tallan da ke bango yake karantawa, shi da bai iya karatu ba.

Aka kunna na farko, wani ja mai ƙaton kai. Lallaɓa ya durƙusa ya manna kunne a jikin duron. Can ƙasa akwai wani zuuu mai kaɗa haƙori, irin wanda kifi zai jiyo tun daga nesa. Zuciyarsa ta yi fari. In aka sayi wannan, Auta zai yi ta dawowa da kwando wayam, har ya zo ƙofar ɗaki da kansa yana "Yaya, don Allah".

Aka kunna na biyu, wani siriri ruwan toka. Lallaɓa ya jira ya fara. Sai da ya ɗago kai ya ga ruwan na juyawa, ashe tuni yake aiki. Ya sake manna kunne. Babu komai. Bai taɓa jin shirun da ya kai nasa ba sai yau, kuma wannan ba shi da kafaɗa.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Wannan wasan yara ne. Iska kaɗan ta taso sai ta mai da kai baya. Ɗauki jan, Auta, shi ne namiji."

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ni zan cuce ka? Cikinmu ɗaya fa."

Mai shago ya cire tsinke ya ce, "Dattijo ya san kaya. Jan ya fi tsada, amma..."

"Naɗe min mai ruwan tokan," in ji Auta.

Lallaɓa ya juyo. Ƙanen nasa na murmushi, irin murmushin da shi ya yi ranar rabon gado.

"Yaya, kai fa tun muna yara in ka yabi abu na san ruɓaɓɓe ne. Kwalekwalen nan ma yabonsa ka yi ta yi, ka tuna? Bakinka ban zo da shi don ya faɗi gaskiya ba. Fuskarka na kalla. Da aka kunna mai ruwan tokan nan, sai ka ce an yi maka mutuwa."

Mai shago ya bushe da dariya har tumbinsa na rawa. "Kai, Allah ya shirye ku! To wa zai ɗauki batirin? Yana da nauyi fa."

"Ga shi nan tsaye. Kafaɗar hagu, Yaya, na san ta dama ta daɗe da mutuwa. Warin man zafinka har kifi ya san shi."

Haka suka bi titi, Auta a gaba da inji a hannu ɗaya kamar sanda, Lallaɓa a baya yana nishi. A bakin ruwa Auta ya ɗaure injin a gindin kwalekwale, ya nuna katakon baya da leɓe. Lallaɓa ya sauke batirin a cikin lotsawar. Ya zauna daram, kamar don shi aka sassaƙa.

"Da yamma ka zo ka kai shi caji," in ji Auta. "Ba zan bar ka da yunwa ba, cikinmu ɗaya."

Masunta suka taru suna kallo. Wani ya nuna injin, ya ɗaga murya ya ce, "Auta, yaya sunan amaryar?"

"Lallaɓa!"

Dattijon ya amsa da "Na'am" kafin ya gane. Kwalekwalen ya sulale ya bar gaɓa, ko ɗis bai ji ba.