Sitiyarin Motar Baba

Baba ya sayi motar a hannun wani Ba'amurke tun ban shiga firamare ba. Doguwa ce, ja, mai ƙofa biyu, in aka tayar da ita sai kajin unguwa sun watse. Sitiyarinta kuwa sai ƙato ke iya juya shi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi na ɗauko shi zuwa gidana a Abuja, bai tambayi gonarsa ba, motar ya ce a biyo shi da ita. Hannun ya dawo, amma ba ƙarfi. Burinsa ɗaya ne: ya tuƙa ta da kansa a kan sababbin titunan nan da ake ta shimfiɗawa, ko da zuwa Bwari ne, kafin Allah ya yi ikonsa.

A shekarun nan kowa ya samu, kowa da salularsa da motar Kwatano, ni kuwa na liƙe wa tsohon ƙarfe. Wani abokin aikina da ya tafi kwas Amurka ya yarda zai taho mini da kayan gaban motar: sifirin, shakazoba, da akwatin sitiyari na zamani wanda ko da yatsa ɗaya za a juya. Don kada a ɓata lokaci na kai ta garejin wani bakanike ɗan Filato a bayan kasuwar kifi ta Kado, na ce ya kwance gaban kafin kaya su iso. Ya kwance, ya ɗora ta a kan bulo.

Kaya suka iso, sababbi fil. Da aka zo haɗawa sai aka ga babu wani lanƙwasasshen ƙarfe, bai fi tsawon tafin hannu ba, wanda ke haɗa akwatin sitiyari da tayoyi. Ashe ba a sayar da shi tare da sauran, na jikin motar ake mayarwa.

Na ce, "To, ɗauko tsohon."

Ya sosa ƙeya. "Oga, tsohon kaya ba ya kwana a gareji fa. 'Yan gwangwan sun kwashe since. Ai kai ka ce sabo yana zuwa."

Ashe haka tsarin yake: abin da aka cire daga mota ya zama na gareji, ba wanda ke tambayar mai ita.

Na bi 'yan gwangwan har Karmo, na tona tulin ƙarafa da rigar ofis a jikina. Ubangidansu, wani Bakatsine, ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, mu nan kilo muka sani, ba suna ba. Tirela ta ɗauka tuntuni." Masu sayar da kayan mota dariya suka yi mini. Wani mai walda ya ce zai ƙera mini irinsa sak, na ce ba zan ɗora ran ubana a kan waldarsa ba. Duk wanda na ji zai yi tafiya waje sai na roƙe shi ya nemo mini ƙarfen, kowa ya ce insha Allah.

Baba kuwa kullum sai ya tambaya, ni kuma in ce an kusa. Wata Asabar ya sa babbar riga da hula ya ce in kai shi ya gani da idonsa. Na rasa hanyar hana shi.

Muka kama shi ni da bakaniken, muka zaunar da shi a kujerar direba. Ya shafa sitiyarin, wanda ba abin da ke riƙe da shi a ƙasa, ya tura shi da raunannen hannun. Sitiyari ya juya, ya sake juyawa. Fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun kafin ciwon.

Ya ce, "Kai, madalla! Haka nake so. Allah ya yi maka albarka. Ku sauke ta mu tafi."

Bakaniken ya sunkuyar da kai ya shige bayan shago, ya bar ni tsaye riƙe da ƙofar motar.