Ranar da Mama ta Amsa Ƙararrawa

Ranar Talata ce. Na share tsakar gida, na yi wa 'yata wanka, na zauna kan keken ɗinki. Mijina ya tafi Kano sarin yadi. Mama tana bakin murhu tana tsintar wake, tana yi min faɗan da ta saba, wai ina ɓarnar zare kamar a kogi nake ɗebo shi.

Cocinmu yana ƙarshen layinmu, a bakin garin Daura. A allon ƙofa an rubuta Presbyterian, amma kowa cocin 'yan Kalaba yake cewa. Kakana da wasu ma'aikatan gwamnati da aka kawo daga can tun zamanin Turawa su suka fara shi da rumfar zana. Fasto ya zo ya tafi, dattawa ne ke riƙe da shi. A Daura aka haifi Mama, Hausa ma ta fi zama a bakinta kan yaren iyayenta.

Ba mu taɓa mallakar ƙararrawa ta gaske ba. Wilin babbar mota ne aka rataye a darbejiya, wani tsoho, Baba Okon, yake buga shi da guntun ƙarfe ranar Lahadi. In ka ji shi a wata ranar daban, to gobara ce ko mutuwa. Dokar tun ta kakanni ce: ka ajiye abin da ke hannunka ka zo. Haka aka kashe wutar da ta kama rufin cocin ina yarinya. Haka aka taru ranar da babana ya rasu.

Shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jihohin Arewa ne, kowa kunnensa na kan rediyo. Kwanaki ana labarin rikici a wani babban gari. Mu da maƙwabta duk mun ce ba zai iso nan ba.

Wajen ƙarfe goma masu talla suka daina wucewa. Sai ƙarar babura. Sai ihu daga can nesa, yana matsowa. Na tsayar da keke. Hayaƙi ya tashi ta bayan layi. Goma da rabi ƙararrawa ta fara, da sauri, ba tsayawa.

Mama ta ajiye farantin wake. Ta cika bokiti a randa. Na ce ta dakata in goya yarinya mu fita tare. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Kafin in ɗaure zani ta fice.

Daga baya na ji abin da ya faru. Baba Okon ya hango taron samari da jarkoki sun nufo cocin. Ya buga ne don mu gudu. A ruɗewarsa ya manta abin da hannunsa ya koya mana shekara da shekaru.

Ina fita ƙofa na ga mutanenmu suna gudu wajen cocin, mata da maza, kowa da bokiti. Ƙararrawa ta yi shiru. Baba Okon ya fito tsakiyar layi yana ɗaga hannu.

"Ku koma! Ku gudu!"

Wasu suka juya. Na gaba sun riga sun isa. Na hango ɗankwalin Mama, shuɗi, dab da ƙofar coci. Sannan taron ya rufe wajen.

Wani ya fizgi hannuna. Alhaji Sale ne, maƙwabcinmu mai fataucin shanu.

"Ina za ki? Shiga gida!"

Na yi ta kiran Mama. Ya tura ni zaurensa ya sa sakata. Matarsa ta zura min hijabi, ta toshe bakin 'yata da hannu. Muna jin fashewar gilashi, muna jin kwanon rufin coci yana ƙara cikin wuta. Aka kira azahar. Ban taɓa jin tsoro da fushi irin na ranar ba, kuma ban san wa zan yi wa fushin ba.

Bayan la'asar aka kawo motar shanu ƙofar gida. Muka kwanta a baya kan harawa, ni da 'yata da wasu mata biyu na cocinmu. Alhaji ya zauna gaba. A fitar gari samari suka tare hanya da itace. Ban gane muryar ko ɗaya ba.

"Su waye a baya?"

"Iyalina ne. Buɗe hanya!"

Suka buɗe. Kafin magariba mun isa Baure, gidan ƙanensa. Aka ba mu tabarma da fura. Alhaji ya juya Daura neman Mama.

Washegari da hantsi ya dawo. Bai shigo ba. Ya tsuguna a ƙofar zaure ya cire hula.

Mutum uku muka rasa. Baba Okon, da malamin da ke koya mana waƙa, da Mama. An sake yi wa cocin rufi, wilin yana nan a darbejiya, amma ba a ƙara buga shi ba. Yanzu agogo muke dubawa.

Bokitin Mama kaɗai Alhaji ya kawo min. Ya ce a gefenta ya same shi, a tsaye, da sauran ruwa a ciki.